Injin 2AZ-FE na Camry mai shan baƙin mai: a gyara shi ne ko a sauya?

Mai Camry a Zariya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar inji. Motata Camry ce ta 2008, wadda ake kira Muscle, mai silinda huɗu, kuma injinta 2AZ-FE ne kamar yadda yake rubuce a takardar da aka liƙa a cikin bonet. Ba ta tafasa, ba ta wata ƙara, ƙarfinta kuma yana nan, amma tana shan baƙin mai ƙwarai, har sai na yi ta ƙara mata kafin lokacin juye ya yi, alhali ko ɗigo ɗaya ba na gani a inda take kwana. Wani bakanike ya ce a sauke injin a sa sababbin ringi. Wani kuma ya ce wannan asarar kuɗi ce, gara in sayi ɗan Beljiyam, har ma ya ce ya san inda ake da injin Big Daddy, wato Camry ta 2002 zuwa 2006, mai kyau, domin a cewarsa duk 2AZ ɗaya ne. Shin gaskiya ne injin Big Daddy zai zauna a Muscle ba tare da matsala ba? Kuma tsakanin gyara da sauyi, wanne ya fi?

Injiniya a Kaduna:

Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar da aka faɗa maka cewa duk 2AZ ɗaya ne tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba, kuma a ragowar ne mutane suke yin asara. A asali injin ɗaya ne: girmansa cc 2,362, wato lita 2.4, silinda huɗu a jere, bawul 16, faɗin silinda milimita 88.5, tafiyar fistin kuma milimita 96. Gangar jikinsa da kansa duk na alminiyam ne, sai dai an zuba hannun riga na baƙin ƙarfe a cikin kowace silinda. Sarƙa ce take juya shaf ɗin bawul, ba bel ba, kuma yana da VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, a ɓangaren shigar iska kaɗai. Toyota ta fara fitar da shi a shekarar 2000, kuma shi ne ya gaji 5S-FE mai lita 2.2 da ke cikin Camry ta kafin 2002.

To amma injin ya kasu zubi biyu. Na farko shi ne na Camry ta 2002 zuwa 2006, mai matsin 9.6 (ma'aunin yadda fistin yake matse iska da fetur a cikin silinda), wanda ya fito da ƙarfin doki 157. Na biyu shi ne wanda aka sabunta, aka ɗaga matsinsa zuwa 9.8, aka ɗan sauya shaf ɗin bawul na shigar iska, aka kuma ƙara masa ƙananan bututai masu feshin baƙin mai a ƙarƙashin fistin don su sanyaya shi. Wannan shi ne a motarka, inda yake ba da doki 158, a RAV4 ta 2006 zuwa 2008 kuma 166. Kowane zubi da irin ciwonsa, kuma shan mai ciwon zubi na biyu ne.

Kamfanin da kansa ya amince da wannan. A 2011 ya fitar wa dillalansa na Amurka sanarwar gyara, daga baya kuma ya tsawaita garantin motocin da abin ya shafa zuwa shekara 10 ko mil 150,000, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2009 da RAV4 ta 2006 zuwa 2008. Ma'aunin da suka sa shi ne, idan mota ta sha fiye da kwat ɗaya, wato kusan lita ɗaya, a tafiyar mil 1,200, kimanin kilomita 1,900, to ta cancanci gyara. Abin lura shi ne gyaran da suka yi ba ringi kaɗai ba ne, har da fistin ɗin gaba ɗaya, wanda aka sake wa fasali. Dalili kuwa shi ne ringin da ke share mai daga jikin silinda yana daskarewa da gawayi, hanyoyin da man yake bi ya koma ƙasa su toshe, sai man ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da fetur.

Tsohon Bakanike a Kano:

Injiniya ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka da alheri. Ni zan yi magana a kan ɗaya ɓangaren, wato injin Big Daddy da ake son a ɗora maka. Wannan injin bai cika shan mai ba, gaskiya ne, amma yana da abin da ya fi shan mai muni. Dogayen kusoshin da suke ɗaure kan inji guda goma ne, kuma zarensu a cikin alminiyam ɗin gangar injin yake. A zubin farko, zaren na kusoshi ukun da ke tsakiya ta baya, wajen da bututun shigar iska yake, yakan ci, musamman idan motar ta taɓa tafasa. Idan hakan ta faru, kan injin ya saki kenan ta wannan gefe. Za ka ga ruwa yana raguwa a lagireto ba ka san inda yake tafiya ba, sai ka zura hannu ta bayan injin ka taɓa soson da ke ƙarƙashin bututun iskar, ka ji shi jiƙe sharkaf. Da yawa sukan ɗauka gasket ne kawai ya ƙone, su sayi sabo, sai an zo ɗauri a ji kusar tana juyawa ba ta kamawa, wani lokaci ma ta fito da zaren alminiyam nannaɗe a jikinta.

Saboda haka, Malam, idan ka bar injinka mai shan mai ka ɗauki na Big Daddy wanda ba ka san tarihinsa ba, kana iya zama wanda ya guje wa gara ya faɗa gidan zago. Mai shan mai dai yana kai ka Abuja ya dawo da kai matuƙar kana duba geji kana ƙarawa. Wanda zarensa ya ci kuwa a hanya zai ajiye ka.

Ɗan Kasuwar Kayan Mota:

Ina girmama maganar Baba, amma kada a tsorata mutane da injin zubin farko fiye da kima. Muna sayar da shi shekara da shekaru, kuma mafi yawan waɗanda suka saya ba su dawo da ƙorafi ba. Camry ta 2002 zuwa 2006 har yau cike take da titunanmu, wasu ma haya suke yi, kuma da injin ba shi da ƙwari da tuni sun ƙare. Abin da na yarda da shi shi ne kada mutum ya sayi inji a rufe. Duk mai sayar da inji na gaskiya, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko Ladipo, zai ba ka garanti na wasu kwanaki, kuma zai bari bakanikenka ya cire fulogi ya duba, ya buɗe murfin saman ya ga ko akwai daskararren mai, ya kuma juya injin da hannu. A rubuta sharaɗin garantin a rasit tare da lambar injin, kada a tsaya a kan maganar baki.

Game da zama kuwa, yana zama. Mun ga an sa na Big Daddy a Muscle, an kuma sa na Muscle a Big Daddy.

Injiniya a Kaduna:

Alhaji, yana zama, amma ya kamata a fayyace abin da ake nufi da zama. Abin da yake shiga shi ne gangar injin da kansa. Sauran kayan da ke jikinsa kuwa, wato bututun shigar iska, totur, nozul, bututun salansa, wayarin, maƙalan da ke riƙe injin, da farantin da ke haɗa shi da giyabos, duk waɗannan na motarka ya kamata a mayar a kan sabon injin. Haka kuma a gwada kowace na'urar ji da soket ɗinta kafin a ɗora, musamman wadda ke jin ƙwanƙwasar inji, domin siffarta ta bambanta tsakanin na farko-farko da na baya. Burenbos ma, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, na motarka za a bari, tunda shi ne ya san makullinka da giyarka. Camry ta 2002 zuwa 2004 giya huɗu take da ita mai sarrafa kanta, daga 2005 aka koma biyar, kuma burenbos ɗin ɗaya ba ya tafiyar da giyar ɗaya yadda ya kamata.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Burenbos ɗin motar 2008 an tsara shi ne don inji mai matsin 9.8 da nasa shaf ɗin bawul. Idan aka ba shi na 9.6 motar za ta tashi ta yi tafiya, amma an mayar da ita baya ne, an kuma raba ta da bututan sanyaya fistin. A ganina, idan sauyi ya zama dole, a nemi ɗan zubinsa. Matsalar ita ce ɗan zubin nasa da za a sayo ɗin ma yana iya zuwa da wannan ciwo na shan mai, kuma ba a gane shi da ido a shago, sai an ɗora an yi tafiya.

Direban Haya, Kano zuwa Abuja:

Ni dai da ƙwarewar hanya zan yi magana. Motar da nake ja irin wannan ce, kuma ita ma ta yi wannan hali. Da na bar siririn man nan na koma 20W-50 mai kauri, shan ya ragu sosai. Littafin motar an rubuta shi ne don ƙasashen sanyi, mu kuwa a watan Afrilu kowa ya san yadda kwalta take a hanyar Kaduna. Shawarata ga ɗan'uwa ita ce ya gwada mai kauri kafin ya kashe kuɗin sauke inji. Sannan a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, yadda injin ba zai taɓa yin zafi ba, tunda an ce zafi ne yake cin zaren.

Tsohon Bakanike a Kano:

Direba, a kan man zan iya yi maka uzuri kaɗan, amma a kan tamostat ba na tare da kai ko kusa. Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma aikinsa shi ne ya kai injin zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya kuma riƙe shi a nan. Idan ka cire shi ka haɗa fanka kai tsaye, injin zai daɗe yana sanyi, musamman da asuba da lokacin hunturu, burenbos kuma zai yi ta ƙara fetur yana jiran zafi ya hau. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda, yana gangarawa cikin baƙin mai, yana kuma tara gawayi a ringi, wato daidai wurin da ciwon yake. Motar da take tafasa dalili gare ta: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko famfon ruwa yana yoyo, wanda kuma sananne ne a wannan injin, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci. A nemi dalilin a gyara. Kuma a daina zuba ruwan rijiya a injin alminiyam. Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan injin ya ga farin gishirin da ya cika hanyoyin ruwa, da yadda gefen kan injin ya rarake, ba zai ƙara yarda a zuba masa ba. Ruwan sanyaya inji na gaske, irin ruwan hodar nan da Toyota take amfani da shi, ya fi gasket araha.

Injiniya a Kaduna:

Ina goyon bayan Baba a kan tamostat. Game da mai, abin da aka rubuta wa zubin farko shi ne 5W-30, wa na 2007 zuwa sama kuma 5W-20 ko 0W-20 a motocin Amurka, kuma Muscle tana cin kimanin lita 4.3 idan an sauya har da filta. Ban musa cewa mai kauri yana rage abin da ake gani a geji ba, tunda ya fi wahalar ratsa ringi. Sai dai bai buɗe hanyar da ta toshe ba, ya rufe alamar ce kawai. A ɗaya gefen kuma, VVT-i da matsin mai yake aiki ta ƙananan hanyoyi da wata 'yar raga mai tace shi, abin da ke ɗame sarƙa ma da matsin mai yake aiki, kuma duka biyun suna son man ya iso su da wuri idan aka tayar da mota da safe. Ga motar da ta tsufa a yanayinmu, ina ganin 5W-30 mai kyau, ko 10W-40 idan ta yi nisa sosai, sun fi dacewa da tsallakawa zuwa 20W-50. Abin da ya fi lambar man muhimmanci shi ne ya zama na gaskiya, a kuma yi juye a kan lokaci, domin ƙurarmu da cunkoson cikin gari suna gajiyar da mai da wuri.

Direban Haya, Kano zuwa Abuja:

Na ji hujjarku a kan tamostat, kuma zan sa a duba tawa. Amma a kan mai ina nan a kan bakana, domin mutumin da yake neman abincin yau da mota ba zai iya ajiye ta a gareji ana jiran fistin ba.

Hajiya mai RAV4:

Sannunku da ƙoƙari, ina biye da ku tun farko. Tawa RAV4 ce ta 2007, kuma an ce mini injinmu ɗaya da Camry. Idan wata rana ta kai ga sauyi, zan iya sayen na Camry, tunda ya fi yawa a kasuwa? Na kuma ji ana cewa gara a ɗora 2AR gaba ɗaya a huta.

Ɗan Kasuwar Kayan Mota:

Hajiya, injin ɗaya ne, kuma na Camry ta 2007 zuwa 2009 shi ne ɗan zubin naki. Bambancin da za a gani nan take shi ne sitiyarin RAV4 ɗinki na lantarki ne, na Camry kuwa famfo gare shi da bel yake juyawa, don haka hanyar bel da maƙalan gaban injin ba ɗaya ba ne, sai an mayar da naki. A kuma gwada kaskon mai na ƙasa da maƙalan inji kafin a ɗora. Wannan injin ya shiga motoci da yawa: Highlander mai silinda huɗu ta 2001 zuwa 2007, Solara, Scion tC, Matrix da Pontiac Vibe na 2009, sai kuma na Japan irin su Estima, Alphard, Ipsum da Harrier. Shi ya sa yake da yawa a kasuwa, kuma shi ya sa ake yawan ruɗewa.

Abin da zan ja kunnen kowa a kai shi ne haruffan ƙarshe. Akwai 2AZ-FXE, wanda na Camry Hybrid ne. A ido kamar ɗaya suke, amma matsinsa 12.5 ne, kuma an tsara bawul ɗinsa ya yi jinkirin rufewa saboda injin lantarki yana taimaka masa. Wanda ya ɗora shi a mota ta yau da kullum zai sha wahala.

Injiniya a Kaduna:

Batun 2AR-FE kuma, Hajiya, wannan wani inji ne dabam, ba sabon zubin 2AZ ba ne. Girmansa cc 2,494, yana da VVT-i a ɓangarori biyu, shi ne ya shigo RAV4 a 2009 da Camry ta Amurka a 2010, inda a Camry ɗin aka haɗa shi da giya shida. Inji ne mai kyau, amma ɗora shi a motar da aka yi don 2AZ yana nufin sauya burenbos, wayarin, makulli, wataƙila har da giyabos, sannan a dogara ga mai wayarin ya haɗa komai ba tare da fitilar gargaɗi ta zauna a kunne ba. Kuɗin da wahalar sun fi amfanin.

A kula kuma, shekara kaɗai ba ta isa ta faɗa maka injin da ke cikin mota ba. Camry da aka ƙera a Ostareliya aka kai ƙasashen Larabawa ta ci gaba da zuwa da 2AZ-FE har 2011, alhali takwararta ta Amurka ta riga ta koma 2AR. Lambar samfurin da ke jikin ƙofar direba ita ce mai raba gardama: ACV30 Big Daddy ce, ACV40 Muscle ce mai 2AZ, ASV40 kuma mai 2AR.

Ɗan'uwa daga Maraɗi:

Gaisuwa gare ku duka. A nan wajenmu motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano suna da yawa, kuma Avensis tana cikinsu. Ina so a ƙara da cewa akwai 1AZ-FSE mai lita 2.0 da 2AZ-FSE mai lita 2.4, waɗanda ake rubuta wa D-4. Su fetur kai tsaye suke fesawa cikin silinda da famfo mai matsi sosai, kan injinsu da fistin ɗinsu da burenbos ɗinsu duk dabam ne, suna kuma tara gawayi a hanyar iska, ba sa jure fetur mara tsabta. Makanikai da yawa a nan sukan mayar da su zuwa FE, amma aiki ne da yake buƙatar cikakken inji da wayarinsa da burenbos ɗinsa, ba sauya kan inji kawai ba. Haka nan kada a sayar wa mai Camry 1AZ-FE a matsayin 2AZ, domin a waje suna kama da juna ƙwarai, alhali shi cc 1,998 ne. Sunan injin a buge yake a jikin gangar, a goge wurin da tsumma a karanta da ido.

Mai Camry a Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba, idan na zaɓi gyara, me ya kamata in tabbatar an yi, kuma ta yaya zan san ko injin ya cancanci a kashe masa kuɗi?

Tsohon Bakanike a Kano:

Kafin a kwance ko noti ɗaya, ka fara auna shan. A yi juye, a cika man daidai layin sama na geji a wuri mai lebur, ka rubuta lambar kilomita, sannan ka riƙa dubawa da safe kafin a tayar da ita. Idan ba ta kai lita ɗaya a kilomita 1,900 ɗin da Injiniya ya ambata ba, ni ba zan sauke injin ba tukuna. A sauya ɗan bawul ɗin numfashi na PCV da ke jikin murfin saman, domin ba shi da tsada kuma idan ya maƙale yana jan mai zuwa cikin inji. A cire fulogi huɗun a jera su a duba wanda ya yi baƙi da maiƙo. Sannan a gwada matsin kowace silinda da geji: kada wata ta gaza kusan psi 140, kada kuma tazarar da ke tsakaninsu ta wuce psi 15.

Idan shan ya wuce ma'auni, aka kuma buɗe aka tarar jikin silinda sumul ba karce, to gyara ya fi, saboda gangar taka ta zubi na biyu ce kuma ka san tarihinta. Amma a sa fistin na sabon fasali tare da ringinsa, a sauya robobin bawul tunda kan yana ƙasa, a duba sarƙa da abin ɗame ta, a kuma ɗaure kan injin da sifana mai auna ƙarfi bisa jerin da littafi ya nuna, ba da ƙarfin damtse da dogon bututu ba. Idan kuwa silindar ta karce sosai ko ta buɗe, to a nan ne maganar sayen wani injin take tasowa. Kada a manta da indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, domin man da aka daɗe ana ƙonawa yana toshe shi, sai a gama gyara mota ta ƙi ja a ɗora wa injin laifi.

Ga masu Big Daddy da zarensu ya riga ya ci kuma, ba lallai ne a jefar da gangar ba. Ana huda ramin a sa masa hannun riga na ƙarfe mai zare, kuma idan za a yi, a yi wa ramuka goman duka, a wajen mai injin huda da zai tsayar da ramin a miƙe.